Wa Ke Kunna Ruwan Lambun Baba

Talata, 8 ga Afrilu, bayan la'asar

Baba bai dawo ba. Ya fita wajen ƙarfe bakwai na safe, ya ce attaruhu na jiran ruwa. Wayarsa tana kan taga inda ya sa caji. Takalmin da yake zuwa lambu da shi yana bakin ƙofar ɗaki, da silifas ɗin banɗaki ya fita.

Umma tana wanka lokacin. Da ta fito ta ga ƙofar gida a buɗe, kwaɗon yana rataye a sakata, makullin yana jikinsa. Ta tsaya tana ta mamakin yadda ya gano makullin, domin a cikin gwangwanin kanwa take ɓoyewa. Ta tambaye ni ko na ga fitarsa. Na ce ina wanke-wanke. Gaskiya ne, ina wanke-wanke.

Kwana uku ke nan da Umma ta fara sa wa ƙofa kwaɗo, tun ranar da wani mai napep ya dawo mana da Baba daga Kawo. Ba na son rubuta abin da mai napep ɗin ya ce.

Laraba, 9 ga Afrilu, da azahar

Baffa Usman, ƙanen Baba, ya zo da motarsa tun da sassafe. Sun je tashar Kawo. Sun je gidan abokin Baba a Unguwar Rimi. Sun je ma'aikatar da ya yi aiki, saboda sau biyu a watan jiya ya sa babbar riga ya tafi ofis, alhali shekara huɗu ke nan da ya yi ritaya. Maigadi ya ce bai gan shi ba. Ba su je lambu ba, Umma ta ce ba ya zuwa can ba da takalminsa ba.

Baffa ya ce a kai cigiya gidan rediyo, a kuma faɗa a masallatai. Umma ta ƙi. Ta ce mutumin da ya shekara talatin da biyar yana malamin gona, wanda manoma ke tasowa daga ƙauye su cika masa zaure, ba za a yi shelarsa tsakanin cigiyar akuya da ta yaro ba, har a faɗa wa duniya abin da ke damunsa. Baffa ya ce, “Yaya Turai, Unguwar Kanawa duk an sani, ke kaɗai kike ɓoyewa.” Umma ta tashi ta shiga ɗaki.

Gwaggo Harira, yayar Baba, ta iso da ƙullin kayanta. Ta ce ba ta tafiya sai an ga ƙanenta. Tana ganina ta ce, “Ke Bebiya, har yanzu ba a warware miki ɗinkin baki ba?” Haka take kirana tun ina ƙarama. Na gaishe ta, ban sani ba ko ta ji.

Alhamis, 10 ga Afrilu, bayan la'asar

Mun je lambu a Katabu, ni da Umma da Gwaggo da Baffa.

Daga titi tafiyar minti ashirin ce a ƙasa, a wuce gidajen bulo da ba a gama ba, sannan a gangara rafi. Da can tun daga titi ake jin injinan ban-ruwa suna ta kuka, kowa ya san kukan nasa. Bana fetur ya gagari mutane, yawancinsu sun bar wurin. Fangalolinsu sun bushe sun tsage. Ba ka jin komai sai takun ƙafarka. Sai muka sha kwana, ga lambun Baba kore shar a tsakiyar busasshiyar ƙasa, kamar an ɗauko shi daga wani wuri an ajiye.

Ruwa yana zuba a tanki. Ƙasan kowane attaruhu a jiƙe yake.

Umma ta zauna daɓas a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi.

Malam Shu'aibu ya tsallako. Tsoho ne, lambunsa yana wancan gefen rafin, da bokiti yake ba shi ruwa tun da ya sayar da injinsa. Idonsa ɗaya ya yi yana. Ya ce shi dai bai ga Malam Sanda, wato Baba, da idonsa ba, amma jiya da yau ya iso ya tarar ruwa na zuba, da yamma kuma ya ga an kashe, kamar kullum.

Baffa ya gangara inda farantan sola suke. A gindinsu akwai akwatin ƙarfe, makunnin injin yana ciki. Akwatin a kulle yake, makullinsa kuma a wuyan Baba yake da igiya, tare muka san haka. Baffa ya jijjiga kwaɗon, ya dawo ya ce inji dai ba ya tayar da kansa, sai an sa masa hannu. Malam Shu'aibu ya ce shekararsa arba'in yana jan igiyar inji, bai taɓa ganin wanda ya ja tasa ba.

Umma ta ce, “Yana nan kusa. Fushi yake yi da ni a kan kwaɗo. Mutumin da yake ban-ruwa kullum bai ɓata ba.”

Baffa ya daina maganar cigiya.

Alhamis, bayan magariba

Zan rubuta a nan tunda ba wanda zai karanta.

A hutun Disamba Baba ya riƙa zuwa da ni lambu. Lokacin abin bai yi yawa ba, sau ɗaya kawai ya kira ni da sunan Halima, ƙanwarsu da ta rasu tun kafin a haife ni. Yana aiki yana yi mini bayani kamar ni ce manoman da suke zuwa zaure. Ya ce da can lita huɗu ta fetur yake ƙonawa kullum, kuma rabin ruwan a lambatu yake mutuwa kafin ya kai fangali, wato rabin fetur ɗin ƙasa ya ba wa. Yanzu sola ke ɗaga ruwan zuwa tankin da ke kan ƙarafa. Daga can nauyinsa ke sauko da shi cikin siraran tiyo masu huji, yana ɗiga a gindin kowane shuka. Ya baza ɓuntun shinkafa a kai don kada rana ta shanye. Ya ce, “Auta, ɗaga ruwa shi ne wahalar. Ki ɗaga shi sau ɗaya, ki bar shi ya sauko da ƙafarsa.”

Sannan ya buɗe akwatin ya nuna mini makunnin. Ya ce ya daina kashewa, saboda yana mantawa ya kunna. In rana ta hau farantan, injin ya tashi. In ta yi sanyi, ya kwanta. In tanki ya cika, rarar ta koma rafi ta bututun baya. Ya yi dariya ya ce ko ya mutu, lambun nan ba zai sani ba sai bayan wata guda. Ya ce kada in faɗa wa kowa, don in ɓarayi suka gane ba sai yana wurin ba, za su kwance farantan.

Baba ya ce kada in faɗa wa kowa. Shi ya sa ban faɗa ba.

Juma'a, 11 ga Afrilu, da hantsi

Umma ta dafa dambu, shi Baba ya fi so. Za mu kai bukkar lambu mu ajiye.

Asabar, 12 ga Afrilu, bayan la'asar

Kular da muka ajiye jiya babu komai a ciki. An cinye, an ɗauraye, an mayar da murfin an murɗa. Umma ta rungume kular kamar jariri. Ta tsaya a bakin bukka ta fuskanci gonar rake da ke bayan rafi, ta yi magana da ƙarfi. Ta ce ta jefar da kwaɗon, ya dawo gida ba wanda zai ƙara kulle shi. Ta jira. Ba komai sai ɗigar ruwa, ɗis, ɗis, daga ko'ina a lokaci ɗaya.

Biri ba ya murɗa murfi. Kare ba ya ɗauraye kula. Duk hanyar dawowa ina ta juya wannan a raina. Wataƙila yana nan ɗin. Wataƙila ruwan yana kunna kansa, kuma Baba ma yana nan. In haka ne, shiruna bai ɓata komai ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da azahar

Baffa ya yi sallar asuba a Katabu, ya shiga bukkar ya zauna don ya kama Baba in ya zo kunnawa. Ya dawo ya ba mu labari yana shan ruwa kofi bayan kofi. Ya ce gari ya waye, ba motsin kowa. Rana ta fito, ba motsin kowa. Can sai ya ji ruwa ya fara zuba a tanki a bisa kansa. Ya fita a guje ya gangara wurin akwatin, ya tarar da shi a kulle, ba sawun kowa sai nasa. Ya ce lallai ta cikin rake ya shigo ya fita.

Gwaggo ta ce tun suna yara Sanda ba a kama shi a wasan ɓuya, da ma ƙafarsa ba ta da nauyi, kai ne dai Usman tumbi ya hana ka gudu. Aka yi dariya. Karo na farko ke nan da aka yi dariya a gidan. Ni ma na yi.

Litinin, 14 ga Afrilu, da safe

Baffa ya sa matasa biyar sun shiga gonar rake da kangayen da ke kusa. A Katabu kaɗai ake nema.

Talata, 15 ga Afrilu, bayan la'asar

Mako guda.

Ciyawa ta fito tsakanin fangaloli, ta kai idon sawuna. Attaruhu ya nuna ja, yana zubewa ƙasa, ba wanda ya tsinka. Baba ba ya iya wuce ciyawa ɗaya bai sunkuya ba, ko a ƙofar gidan mutane ne. Na nuna wa Umma ciyawar da yatsa. Ta ce ba shi da ƙarfi ne, iyakar abin da yake iyawa ya kunna ruwa ya koma ya kwanta. Ta cire mayafi ta fara cira da kanta.

Ina cira a gefenta, kanmu ya kusa haɗuwa. Da na faɗa a lokacin, ba wanda zai ji sai ita.

Laraba, 16 ga Afrilu, da hantsi

Ina wanke-wanke ranar da Baba ya fita. Amma daga wurin wanke-wanke ana ganin ƙofa.

Alhamis, 17 ga Afrilu, bayan magariba

Na yi niyya yau. Na haddace maganar tun a banɗaki, jimla biyu ce kawai. Suna zaune a tsakar gida, Umma da Gwaggo, suna tsince shinkafa. Na tsaya a gabansu na ce, “Umma.” Duk suka ɗago. Gwaggo ta ce a'a, yau Bebiya za ta yi huɗuba, a kawo mata lasifika. Umma ta yi murmushi ta ce ƙyale mini Auta, mene ne? Fuskarta ta rame amma idonta yana da haske, tun ranar kula yake da hasken nan.

Na ce gishiri ya kusa ƙarewa.

In na ce ruwan shi yake kunna kansa, za ta ce tun yaushe kika sani. In na ce tun Disamba, za ta tuna safiyar Talata. Daga nan saura tambaya ɗaya.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan la'asar

Ruwan ya rage ƙarfi. Da yana faɗowa tanki da kauri kamar hannuna, yau kamar yatsu biyu. Umma ta daɗe tana kallonsa. Ta ce jikinsa ne, ya yi rauni, ko kunnawar ba ya iya yi sosai. Ta yi kuka a napep har Kawo, mai napep ɗin ya kashe waƙarsa.

Ba jikin Baba ba ne. Kashin tsuntsaye ne da ƙasa suka rufe farantan. Baba yana goge su duk bayan kwana biyu da tsumma mai laushi, ya ce farantin da ya yi datti kamar ido ne mai kwantsa. Kwana goma ba wanda ya goge.

Asabar, 19 ga Afrilu, da azahar

Umma tana bukka tana jera kula. Na ce zan zaga. Na gangara, na jiƙa gefen zanena a rafi, na goge farantan duka huɗu. Ina gama na ƙarshe na ji kukan injin ya canza a ƙarƙashin ƙafata, siririn kuka kamar na sauro, ya ƙara ƙarfi.

Da na hau sama Umma tana tsaye a gindin tanki, ta ɗaga hannu biyu. Ta ce, “Auta, zo ki ga. Babanku ya ji sauƙi.”

Ban san me ya sa na yi ba. Na san me ya sa. Ba na son ta yi kuka a napep.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Ban ci abinci ba. Gwaggo ta ce shawara ce, a jiƙa mini sabara.

Litinin, 21 ga Afrilu, bayan la'asar



Yau hadarin farko na bana ya taso, wajen sha ɗaya na rana. Muna lambu, har da Gwaggo. Gari ya yi duhu daga gabas, iska ta kwanta, tsuntsaye suka yi shiru. Sai ruwan tanki ya tsaya cak. Ba a taɓa kashe shi a wannan lokacin ba. Umma ta ce yana ƙasa, yanzu ya kashe. Ta yar da kwandon attaruhu ta gangara a guje tana kiran Malam, Malam. Ban taɓa ganin Umma tana gudu ba. Ta faɗi a kan duwatsu, gwiwarta ta fashe, ta tashi ta ci gaba.

Muka same ta tsaye a gaban akwatin, ta dafa shi da hannu biyu. A kulle yake. Ba kowa a dama, ba kowa a hagu, raken ma ko motsi ba ya yi. Muna nan tsaye iska ta kaɗa hadarin ya wuce ba tare da ya zubar ba. Rana ta buɗe. Injin ya fara kukansa, hannun Umma yana kan akwatin. Daga sama muka ji ruwa ya faɗa tanki.

Umma ta janye hannunta kamar ta taɓa wuta. Gwaggo ta fara a'uzubillahi tana ja da baya. Ta ce wannan ba aikin mai rai ba ne. Ta ce ko dai mutanen rafin ne suka riƙe shi, ko kuma. Ba ta ƙarasa ba. Umma ta ce mata kada ta ƙarasa.

Muka shiga mota. Jini yana bin ƙafar Umma zuwa cikin takalmi, ba ta goge ba. Gwaggo ta ce gobe za ta nemo malamai a yi sauka a bakin rafin, a yanka abin yankawa. Ba wanda ya ce a nemi Baba a wani wuri. Yanzu ma sun daina tunanin yana wani wuri da ƙafa ke zuwa.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan sallar asuba

Mako biyu. In bakina ya ƙi, ina da hannu.

Talata, bayan magariba

Na roƙi Umma mu riga su Gwaggo zuwa. Ta dube ni, don ban saba roƙon komai ba, ta ɗauki mayafi. Mun isa wajen tara, ruwa yana zuba. Na kama hannunta na gangara da ita. Tana ɗingishi. Malam Shu'aibu ya hango mu ya tsallako da bokitinsa.

Na cire babban hijabina na shimfiɗa a kan farantan. Na karɓi mayafin Umma na rufe sauran. Kukan injin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya mutu. Sama ruwan ya tsaya. Na ƙirga goma a zuci, na janye. Injin ya tashi. Na sake rufewa. Na sake janyewa. Sau uku na yi, ban kalli fuskarta ba sai a na ukun.

Ta ce, “Ba shi ba ne.”

Na ce rana ce. Da na faɗi wannan sai sauran ya biyo da kansa, kamar ruwan tanki. Na faɗi Disamba. Na faɗi gogewar ranar Asabar. Na faɗi safiyar Talata: Baba ya zo ya tsaya a kaina ina wanke-wanke, ya ce Halima, buɗe mini, attaruhu na jiran ruwa. Na san attaruhu ba ya jiransa. Na san ba sunana ya kira ba. Amma Baba ne yake tsaye yana roƙona, ban san yadda ake ce wa uba a'a ba. Na ɗauko makullin daga gwangwanin kanwa na buɗe masa, na koma na ci gaba da wanke-wanke.

Umma ba ta mare ni ba. Da ma ta mare ni. Ta tambaya a hankali, to kular fa?

Malam Shu'aibu ya ajiye bokitinsa. Ya ce Hajiya, a yafe masa. Ranar farko ya leƙa da yamma ya ga abincin zai lalace, ya ci, ya wanke. Washegari ya ga yadda ta rungume kular, sai ya kasa faɗa. Daga nan kullum yake ci, wani lokacin ma ba ya jin yunwa.

Umma ta juya ta kalli rafin. Sannan ta karɓi mayafinta daga hannuna, ta karkaɗe, ta yafa. Ta ciro waya ta kira Baffa. Ta ce a fasa sauka, ya je gidan rediyo yanzu, kuma a faɗi komai, har da mantuwar.

Laraba, 23 ga Afrilu, da azahar

An karanta cigiyar sau biyu. Dattijo ne dogo, baƙi, mai furfura a gemu, yana sanye da shuɗiyar jallabiya da silifas, da makulli a wuya, yana da larurar mantuwa. Ta fito tsakanin cigiyar wata yarinya da sanarwar ɗaurin aure. Umma ta zauna ta saurara har ƙarshe, ba ta rage murya ba, ko da maƙwabta suka fara leƙowa.

Gwaggo ba ta kira ni Bebiya ba yau. Ba ta kira ni komai ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan la'asar

Wata mata ta kira daga wajen Birnin Yero, gaba da Katabu a hanyar Zariya. Ta ce gobe mu zo.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan la'asar, a motar Baffa

Sunanta Sa'adiya, tana sayar da abinci a rumfa a bakin titi. Ta ce ya iso wurinta ranar wata Alhamis da rana, ƙafafunsa sun kumbura, silifas ɗaya ya tsinke. Ta zuba masa shinkafa da wake. Ya ci ya yi godiya da Hausa mai kyau irin ta ma'aikata, amma da ta tambayi sunansa sai ya yi murmushi kawai. Yana kwana a barandar masallacin da ke gefe. Ta ce rediyonta ba ya mutuwa daga safe har ta tashi, kullum tana kasa kunne ko za ta ji an yi cigiyarsa, don ta san irin wannan mutumin yana da mutane. Ba ta ji ba sai wannan makon. Har ta fara cewa ko ba shi da kowa.

Ta zaga da mu bayan rumfar. Fili ne busasshe, tsakuwa da leda. Baba ya roƙi aron fartanya ya yi fangaloli a wurin, guda goma sha biyu, a miƙe kamar an ja su da igiya, da hanyar ruwa a tsakiya. Ba shuka, ba ruwa, ko rijiya babu kusa. Ta ce kullum da safe yakan tsaya a bakin na farko, ya buɗe da fartanya, ya jira, ya toshe, ya matsa na biyu, har ya gama. In yara suka taka, sai ya ce su yi hankali kada su jiƙa ƙafa.

Kwana tara ya yi. Ranar Asabar da ta wuce, da hantsi, ya mayar mata da fartanyar, ya ce ruwan nan ba ya isa, zai bi ya ga inda ya tsaya. Ya kama gefen titi ya yi arewa. Ba ta ƙara ganinsa ba.

Asabar da hantsi ina goge farantai.

Na tsuguna a bakin fangalin ƙarshe. Sawun fartanyarsa yana nan a ƙasar. Baffa ya koma mota ya kifa kai a sitiyari. Sai na ji Umma ta tsaya a bayana, ta sa hannu a ƙeyata. Hannun yana da sanyi.

Ta ce, “Ni na kulle, ke kika buɗe. In mun same shi ma yi kukan. Tashi.”

Daga nan zuwa Zariya akwai rumfuna da yawa. Baffa yana tsayawa a kowace, mu fita da hoton Baba na ritaya. A ta farko Umma ta buɗe baki muryarta ta ƙi fita. Maza ne kusan takwas a kan benci suna shan rake, duk suka zuba mana ido. Na karɓi hoton daga hannunta. Na yi sallama, ba su ji ba. Na sake yi da ƙarfi.

Mun yi rumfa goma sha ɗaya. A ta tara wani mai faci ya ce kamar ya ga mai irin wannan gemun ranar Litinin, yana tambayar hanyar rafi. Baffa ya tsaya, ga ta goma sha biyu. Zan ajiye biro.